Motar da Ta Yi Shiru

Ko na manta da komai a sana'ar nan, ba na mantawa da ranar Talatar da aka ce in ɓata aikina da hannuna don a zauna lafiya. Da damina ne, a tsohon garejinmu na bakin hanyar Sakkwato, nan Talata Mafara. Ku da kuka shigo aiki daga baya kuna ganina ƙarƙashin dogon yaro ni kaɗai da akwatin kayana, wasunku har suna cewa an kore ni ne don hannuna ba shi da tsarki. Na ji, ba kurma ba ne ni. To ga yadda aka yi. Wanda ya ga dama ya yarda, wanda bai ga dama ba ya ci gaba da faɗin abin da yake faɗi.

Sunana Ladan, Ladan Gilas ake ce mini. Aikina ƙofar mota da gilashinta. Ga wanda bai san gareji ba, kowa da rumfarsa kuma kowa da matsayinsa. Bakanike ne babba don shi ke taɓa inji. Sai fanel-bita mai bugun jiki, sai mai fenti, sai rewaya mai haɗa wayoyin wuta, sai mai kushin. Mai ƙofa can ƙasa yake, ba a tunawa da shi sai gilashi ya faɗa cikin ƙofa ya ƙi fitowa ana ruwa. A kan kowa akwai Ciyaman, kuma kullum daga cikin kanikawa ake zaɓensa. Shi ke karɓar babban aiki ya rarraba, shi ke raba faɗa, shi ke ba da rumfa. In ya ce kwashe kayanka, ka kwashe ke nan. Ciyaman ɗinmu a lokacin Sanda ne. Wurin maigida ɗaya muka koyi aiki da shi, muka ci tuwo kwano ɗaya. Shi aka ba sifana, ni aka ba sukundireba, shi ke nan ya zama babba.

Wani Alhaji Nasiru ɗan kasuwar shinkafa daga Bakura shi ya kawo aikin. Motar mahaifinsa ce, Baba Ige, tsohon direba. Irin motocin nan ne na Faransa da aka yi yayinsu muna yara, masu dogon baya da ƙarfe na gaske. Da ita Baba Ige ya yi rayuwarsa, Mafara zuwa Bakura, ranar kasuwa Damri, wani lokaci har Maradun, zamanin da ake bin hanya kowane lokaci ba fargaba. Da idonsa ya tafi sai aka jingine ta bayan gida, kaji suka mai da ita akurki. 'Yan gwangwan sun zo saye ba sau ɗaya ba, ya ce wanda ya sayar da ita bai yafe ba. Kuma ya ƙi shiga motar kowa, wai duk kwali ne. Shi ya sa ɗansa ya ce a tayar da ita kamar sabuwa, ya riƙa kai tsoho Juma'a da gaisuwa a cikin abarsa.

Da aka jawo ta na leƙa ciki, sai na ga babu hannun murɗa gilashi ko ɗaya. Na tambayi Alhaji Nasiru, ya yi dariya. Yaran yanzu ba su san wannan ba. Direbobin wancan zamani ba sa barin hannu a ƙofa, don fasinja suna wasa da shi su lalata. Sai su cire duka su riƙe guda. In zafi ya dame ka sai ka ce, "Direba, a ba mu hannu," a miƙo maka, ka murɗa, ka mayar masa. Alhaji Nasiru ya ce na Baba yana nan cikin aljihunsa tare da carbi, ko wanki za a yi sai ya cire da kansa, ba ya ba kowa.

Sanda ya ɗauki inji. Aka cire ƙofofin aka jingine mini a rumfa.

Bari in faɗa muku abin da na yi, don a kansa rigimar take. A bakin ƙofa, inda gilashi ke shiga yana fita, akwai wani siririn abu mai gashi-gashi, ɗaya ta waje ɗaya ta ciki, sannan wani ya bi cikin hanyar da gilashin ke hawa. Mu bargo muke ce masa. Shi ke rungume gilashi ya hana shi rawa, ya share ruwa kada ya zuba cikin ƙofa. Na motar Baba Ige ya ruɓe tun ban san lokaci ba. Abin da na tarar a madadinsa kwali ne da aka nannaɗe aka cusa, da guntun silifa, da wani tsinken itace da aka yi wa gilashin baya waigi da shi. Ƙasan ƙofofin duk tsatsa, don ramukan da ruwa ke fita sun toshe da laka.

Sanda ya zo ya tsaya kaina, ya ce, "Yanka tif ɗin taya ka manna da gam, ka shafa baƙin mai ya riƙa sulɓi. Wa ka leƙa cikin ƙofa?"

Na ce, "Ni na leƙa."

Haka da yawa suke yi, na sani. Robar tif tana kama gilashi in rana ta yi zafi, baƙin mai kuma yana bin hannun rigar mai mota ya ɓata masa shadda. Ban yi ba. Na shiga mota na tafi Sakkwato na yi ta yawo wurin masu kayan tsofaffin motoci, har na samu wani mutum da ke da bargon gaske a naɗe, bai ma san na mene ne ba. Na dawo na fitar da gilasai, na kankare tsatsa, na buɗe ramukan ruwa, na ba mai fenti ya shafa ciki. Sannan na auna bargon da tsohon gurbinsa na yanka da reza. Gashin yana kallon gilashi, leɓen na waje yana kwance a kansa don ruwa ya gangare. A kwana ba a lanƙwasa shi da ƙarfi, a hankali ake bi da babban yatsa har ya zauna, in ba haka ba ya tattare ya ci gilashi. Ƙananan ƙarafan da ke riƙe shi duk sun karye, na yanko wasu daga fallen ƙarfe na lanƙwasa da filaya. Ba mai, ba gam. Ka murɗa sama, ka murɗa ƙasa, in ya yi tauri ka sake buɗewa. Yatsuna sai da suka tsattsage.

Abu ɗaya ne ban iya canzawa ba. Ƙarfen da ake sa hannu a kai a ƙofar direba haƙoransa sun cinye, wani ya taɓa huda shi ya ratsa ƙusa. Ban samu irinsa ba, sai na bar shi, na huda sabon hannu na ratsa masa ƙusa ta wannan ramin.

Da aka mayar da ƙofofin, Sanda ya fita gwaji. Ya dawo fuska a ɗaure. Na zaci zai ce sannu. Sai ya ce, "Motar tsoho ce, ba a son ta yi shiru haka." Ban gane ba a lokacin.

Ranar Talata, gari cike da 'yan kasuwa, Alhaji Nasiru ya kawo mahaifinsa a bayan mashin, don ya rantse ba zai shiga wata mota ba sai tasa. Dogon tsoho ne, da farar riga da sanda. Duk gareji aka taru, har masu shayi da mai faci. Aka kama hannunsa ya shafa jikin motar, yana murmushi. Aka zaunar da shi a kujerar direba, ya lalubo ƙofa ya jawo.

Ƙofa ta ce dum, ta yi shiru.

Murmushin ya ɗauke. Ya buɗe ya sake rufewa. Ya ɗora tafinsa a kan gilashi ya girgiza, gilashi bai motsa ba.

Ya ce, "Wagga ba motata ta ba."

Alhaji Nasiru ya ce, "Baba, ita ta wallahi. Gyara anka yi mata."

"Yi man shiru. Tawa in anka ruhe ƙofa, gilashi sai ya amsa. Tun daga kwanar Birnin Tudu uwarka ka jin tahowata ta ɗora ruwan wanka. Nasiru, ka saida ta ga 'yan gwangwan kas sawo wata, don ka ga ba ni gani?"

Alhaji Nasiru, babban mutum da gemunsa, sai ga shi ya durƙusa cikin laka yana rantsuwa. Tsoho ya juya masa ƙeya. Mutane suka fara ƙus-ƙus. A nan ne Sanda ya gyara murya.

Ya ce, "To Alhaji, mu dai inji munka yi, kuma kowa ya gani. Ƙofofi kam sun daɗe rumfar Ladan. Har Sakkwato ya tafi, ba mu san abin da ya kai ba, ba mu san abin da ya kawo ba."

Ku da ke cikin sana'a kun san nauyin wannan magana. A gareji za a iya ce maka malalaci, a ce maka mashayi, ka ci gaba da cin abinci. Amma in aka ce kana musanya kayan motar mutane, ka gama. Babu wanda zai sake barin ko madubi a hannunka daga nan har garin Kaya. Alhaji Nasiru ya ɗago ya kalle ni, irin kallon da ban taɓa gani a idonsa ba.

Sanda ya matso ya sassauta murya, wai shi mai sulhu. "Ladan, ɗauko sukundireba ka ɓamɓaro abin ga da ka sa, ta koma kukanta, tsoho ya samu natsuwa. Sannan ka ba Alhaji haƙuri, magana ta mutu."

Na ce, "Haƙurin mi?"

"Haƙuri dai. Sai an yi maka fassara?"

"In na ba da haƙuri na amsa sata ke nan. Mi na sata?"

Fanel-bita ya ce daga baya, "Kai Ladan, kai ma ka cika iyayi. An ce ka gyara mota, ka mai da ita masallaci." Aka yi dariya.

Na ce, "Ba ni cirewa."

Sanda ya ce, "Ciyaman ka magana."

"Ko ubangidanmu da ya koya mana aiki ya taso daga kabari ya ce in cire, sai ya faɗa mini dalili. Kai ka taɓa jin an ce bakanike ya kwance injin da ya ɗaura daidai don mai mota ya saba da hayaƙi?"

"To ka zaɓa. Ko ka cire, ko ka kwashe komatsanka kafin la'asar."

Ina da iyali, kuma rumfar nan ita ce gonata. Na kalli mutanen da na yi shekaru ina gyara wa ƙofa kyauta, ina zuwa sunan 'ya'yansu. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Na ɗauki sukundireba. Na ga Sanda ya saki fuska, ya zaci na sauko. Na wuce shi na je ƙofar direba, na durƙusa gaban tsoho.

"Baba, ina wuni? Ina gajiya? Yaya jiki, yaya ruwa?"

Ya amsa a daƙile. "Wane ne?"

"Ladan ne, mai ƙofa. Ni na yi aikin da kake faɗa a kai."

"Kai ne ɓarawon?"

"Haka suka ce. Baba, ina hannun?"

Ya ce, "Wane hannu?"

"Wanda ke aljihunka."

Na zare ƙusar, na cire sabon hannun da na sa, na kama yatsansa na ɗora a kan ƙarfen. Ya shafa. Ya sake shafawa, yatsan ya tsaya a kan ramin. Sai ya tura hannu aljihu ya fito da wani tsohon hannu da ya yi sulɓi don riƙo, da ƙusarsa ɗaure da zare. Bai nemi taimakon kowa ba. Ya zura, ramin hannu ya hau kan ramin ƙarfe, ƙusa ta shige kamar jiya aka cire ta. Ya murɗa, gilashi ya sauka sumul, ya murɗa ya hau.

Ya ce, "Maƙerin bakin kasuwar Bakura ya huda man shi. A karkace ya huda, na yi mai faɗa." Ya juya inda yake jin numfashin ɗansa. "Tashi, Nasiru. Ita ta."

Alhaji Nasiru ya tashi yana goge ido da hannun riga. Amma tsoho bai gama da ni ba.

"To kai mai ƙofa, mi ka yi mata ta kurumce? Shirun ga kamar an ɗauko gawa. Cire man na ƙofata ko guda, in ji ta."

Na ce, "Baba, ka yi mini haƙuri, ba ni cirewa."

"Motata ta fa."

"Motarka ce, aikina ne. Haka ta fito daga inda aka ƙera ta."

"Ni da kukanta na saye ta. Ban taɓa jin ta shiru ba."

"To yau ka ji. In an kai ka gida ba ta yi maka ba, ga masu cirewa nan cike da gareji, ba sai an roƙe su ba. Ni dai hannuna bai yi."

Sai ya fashe da dariya har yana tari. "Wanga mutum kansa ya fi ƙofar tauri. Ku shigo mu tafi. Da kai, da mai injin."

Alhaji Nasiru ya karɓi tuƙi, Baba a gefensa, ni da Sanda a baya ba mai kallon wani. Muka ɗauki hanyar Bakura. Ba mu yi nisa ba ruwa ya sauko. Tsoho ya bi bakin gilashi da yatsa yana neman inda zai ɗiga, don da can sai ya naɗe ƙafar wando in ana ruwa. Bai samu ba. Ya ce hmm. Muka shiga ramuka, ba abin da ya ce ƙwaram. Sanda ya fara surutu, wai ga yadda ya sha wahalar inji, ga yadda kaya suka yi wuyar samu.

Baba ya ɗaga hannu. "Yi shiru."

Ya karkata kai wajen ƙafafunsa. "Nasiru, taka mai. Sake. Saki." Ya saurara. "Wa ya yi injin ga?"

Sanda ya kau da kai wajen taga.

"Na ce wa ya yi shi?"

Sanda ya ce, "Ni ne, Baba. Sabon ɗauri ne, sai ya ɗan yi tafiya ya saki jiki."

"Sakin jiki na uwaka? Akwai abin da ka bugu can ƙasa. Mital na, ƙarfen cikin inji. In Nasiru ya kai ni Maradun da wanga inji, da ƙafa za mu dawo. Juya mota."

A nan na gane maganar da Sanda ya yi ranar gwaji. Ya ji bugun tun ranar. Ya san in gilasai huɗu suna kaɗa ganga babu wanda zai ji, sai inji ya kwanta bayan an kwana biyu a ce tsufa ne. Ba tsoho yake tausayi ba da ya ce in cire bargo. Mayafi yake nema, kuma da sunana ya so ya saya.

Muka dawo gareji. Sanda ya sauke inji a gaban Alhaji Nasiru, ya sake aikin, ya ce laifin mai sayar da kaya ne. Wataƙila haka ne, ban sani ba, ba fannina ba ne.

Kuna zaton daga nan aka ba ni haƙuri? Ku ba ku san gareji ba. Bayan sati aka kira taro. Ba a yi maganar inji ba ko da kalma ɗaya. Maganar da aka yi ita ce Ladan ya yi wa shugabanci rashin kunya a gaban mai mota, kuma in aka bar wannan gobe kowa zai yi. Aka ce magana ta wuce, sata ba a same ni da ita ba, amma in tashi in ba Ciyaman haƙuri a gaban jama'a, in ci gaba da zama.

Na ce, "Wanda ya kira ni ɓarawo ya fara."

Wani dattijon bakanike ya ce, "Ladan, babba ba ya ba ƙarami haƙuri."

Na ce, "To ƙarami ma yau ba shi da shi."

Na shiga rumfa na tattara sukundirebobina da filaya da ragowar bargon, na ɗora akwati a ka. Mai kushin ne kawai ya taya ni ɗagawa, shi ma sai da ya waiga. Na zo gindin dogon yaron nan na ajiye. In ana ruwa ina jiƙewa, wannan gaskiya ne. Manyan ayyuka ba sa zuwa nan, don Ciyaman ke raba su. Akwai ranar da nake tashi ban taɓa ƙofa ko ɗaya ba. An aiko mini sau da yawa wai in zo a daidaita, kalma ɗaya ce kawai. Kalmar tana nan a bakina, ba ta fita.

Abin da na koya, ku masu tasowa, shi ne a sana'ar nan mutane da yawa ƙara ce ke ciyar da su. Motar da komai nata ke kuka ba a sanin aikin wa ya lalace. In ka yi naka daidai har wuri ya yi shiru, za a ji na wani, kuma ba zai gode maka ba. Kada ka jira a yaba. Mai ƙofa ba a yaba masa, aikinsa in ya yi kyau ba a jin komai. Amma duk ranar da aka ce ka warware abin da ka san daidai ne don a zauna lafiya, ka tambaya lafiyar wa.

Motar tana nan tana yawo. Duk Talatar da Alhaji Nasiru ya shigo da mahaifinsa gari, sai sun tsaya a bakin bishiyar nan. Tsoho ya fito da hannunsa daga aljihu, ya zura ƙusa, ya sauke gilashi.

"Mai taurin kai, kana nan?"

"Ina nan, Baba."

"Har yau ba ta ce komi ba."

"Ba ta cewa."

Ya murɗa gilashinsa ya hau, su wuce ta gaban garejin, shiru.